Abin da Ke Bayan Zalɓe

Tun kafin rana ta gama wanke ido
muka tura kwalekwale cikin tafkin Tabalak,
Arzika a baya da gora a hannu,
ni a gaba, kamara rungume a ƙirji
kamar jinjirin da ake tsoron ya farka.

Zalɓe na tsaye a kan kututturen bagaruwa
wadda ruwa ya kashe tun da daɗewa.
Ƙafa ɗaya. Wuya a naɗe. Ba ruwansa da mu.

Na buɗe idon gilashi har iyakarsa.
Haka aka koya mini a Yamai:
in kana son tsuntsu, ka sallami duniya.
Ka matso kusa, ka bar baya ta yi nisa,
ka duƙa har gwiwar hannu ta sha ruwa,
sai komai ya narke ya bar maka shi.
Na danna.

Kai, ya fito!
Ƙwayar ido rawaya, kamar an ɗiga man shanu,
gashin wuya sai ka ƙirga shi ɗai-ɗai,
ɗigon ruwa a tsinin baki
bai gama shawarar faɗuwa ba.
Bayansa kuwa sumul:
kore-kore, da wani shuɗi ta hagu
mai laushi, kamar bula a ruwan ɗauraya.

Na miƙa wa Arzika, ina jiran yabo.
Ya goge hannu a riga,
ya yi wa hoton rumfa da tafinsa,
ya daɗe.
Ya ce, "Tsuntsu dai ya yi kyau.
Wannan shuɗin fa, ka san ko mene ne?"
Na ce, launi ne kawai, ya dace da tokar fiffike.
Ya ce, "Zanen Tabawa ne, uwar 'ya'yana.
Tun asuba take can tana ban ruwa.
Koren nan albasarmu ce, fangali arba'in da biyu.
Ka mayar da su hayaƙi."
Ba da fushi ya faɗa ba. Dariya ma ya yi.

Na murza da babban yatsa,
takwas, sha ɗaya, sha shida,
ido ya tsuke irin na mai duban rana.
Sai ga su suna shigowa ba sallama:
Tabawa da gwangwaninta,
injin jan ruwa da aka ɗaure da roba,
baƙar leda tana fama da ƙaya,
jaki, da wata babbar mota a hanyar Agadas,
da busasshen taɓo can sama da gaɓa
inda ruwa ya kai bara, bana bai kai ba.
Zalɓe ya koma ɗaya daga cikin 'yan gari,
wani reshe ya tsiro masa a ka kamar ƙaho.

Amma ƙaramar ƙofa, haske kaɗan take sha,
dole ta jima a buɗe.
Cikin jimawar nan kifi ya gifta,
wuya ya warware,
na danna.

Tabawa ta fito tsaf, har ƙullin ɗankwali.
Zalɓe kuwa
ya zama hayaƙi.

Arzika ya kusa kifar da mu.
"To, yanzu an yi kunnen doki!"

Na farkon yana Yamai, cikin gilashi, jikin farin bango,
masu kallo na cewa, dubi yadda baya ta yi tsit.
Ba na ce musu komai.
Na biyun na wanke shi a Tawa, jaka ɗaya da rabi,
yana saman gadon Tabawa, an kafe shi da ƙusa.
In baƙi suka tambayi wannan farin abin da ke gaba,
sai ta ce, "Wani tsuntsu ne ya shigar mini hoto."

Gobe ma za mu fita, kirinjijiya sun sauka ta gabas.
Tun yanzu yatsana na kan lambobin,
yana kai, yana kawo.