Raɗin Suna a Hawa na Huɗu

Daren Asabar, Garki, hawa na huɗu.
Kowa ya tafi, an kashe esi,
sai ni da kwalaye talatin da shida
da Barau mai gadi can ƙasa, yana lallashin rediyonsa.

Wayoyin nan sababbi ne fil, baƙaƙe, suna sheƙi,
amma ba wadda ta san kanta.
In ka kifar da ita, a cikinta an manna 'yar takarda:
haruffa da lambobi goma sha biyu,
sunan yanka daga masana'anta
wanda ba bakin da zai iya kira.

To, ni ne liman, ni ne wanzami.
Na buɗe fayil, fari tas kamar sabon allo,
na rubuta: ke, lambarki ɗari biyu da bakwai,
teburinki na Hajiya Turai ne, akanta,
ga adireshin uwar garke, ga kalmar sirri,
ga agogon da za ki bi, na nan gida, ba na ƙasar da aka ƙera ki ba.
In an kira sau biyar ba a ɗauka ba,
ki tura wa Gyang, shi ba ya tashi daga kujera.

Na soka mata kebul.
Ta buɗe ido, ta yi ƙyafta-ƙyafta,
ta tafi wurin uwar garke tana tambaya: ni wace ce?
Uwa ta miƙa mata fayil.
Ta karanta, ta mutu, ta farfaɗo,
sai ga suna a goshinta.
Ba rago, ba goro. Saura talatin da biyar.

Aikin nan ba ya son gaggawa.
Waƙafi ɗaya in ya ɓata, gida ya rikice.
Bara a Wuse na sa sifili inda ake son harafi,
ranar Litinin duk mai neman darakta
sai ya faɗa kicin,
Lantana mai shayi ta wuni tana cewa ba ya nan,
kuma gaskiyarta, ba ya nan.

Ƙarfe ɗaya wuta ta ɗauke.
Na zauna a duhu ina ƙirga numfashi
har janareto ya yi tari ya kama.
Wayoyi goma sha tara suka farka tare,
kowace ta tuna sunanta. Na ji daɗi fiye da yadda ya kamata.

Sai na iso ɗari biyu da goma sha huɗu.
A tsohon fayil an rubuta Iliya Tanimu, sashen kaya.
A takardar da aka ba ni an ja masa layi da jan biro,
a gefe an ce: share.
Na san shi. Shi ke riƙe mini tsani
yana ba ni labarin gonarsa ta dankali a Bokkos.
Watan jiya ne, a hanyar Akwanga.

Yatsana ya tsaya kan maɓalli.
Akwai wata alama mai kama da ɗan shinge,
in ka sa ta a farkon layi
na'ura ba ta ƙara ganinsa, sai ta tsallake,
amma mutum in ya buɗe zai karanta.
Ita na sa.
Ƙarƙashinsa na rubuta sunan sabon yaron
da ban taɓa gani ba.

Da asuba na kira kowace, ɗaya bayan ɗaya.
Ofis ba kowa, sai ƙara ke zagaya tebura.
Da na buga ɗari biyu da goma sha huɗu
na bar ta ta yi ta yi, har sau biyar,
sannan ta tura wa Gyang, kamar yadda na koya mata.

Na naɗe kebul, na sauko.
Barau ya ce, an gama?
Na ce, duk sun amsa.