Harafin da Ba Ya Magana

Hutu ne, amma littafin ya biyo ni gida.
Wata goma na yi a Kazan,
na dawo Maradi da jaka guda, da tari,
da jarrabawar nahawun da ta kayar da ni,
tana can tana jirana in damina ta ɗauke.

Da hantsi nakan baje takardu gindin bedi
a tsakar gidanmu na Bagalam.
Ƙanwata Sa'ade ta leƙo ta ce:
wannan ai rubutun mai jin barci ne,
ga harafi ya juya baya, ga wani kamar gizo-gizo.
Na ce ki bar su, haka suke gaisawa.
Wanda na sani tun ina lakkwal,
can na tarar ya sake murya,
kamar ɗan unguwa da ya je birni ya dawo
yana yi maka kallon baƙo.

A can in an ce da, an yarda ke nan.
A nan da ba ta tsayawa ita kaɗai,
sai ta jawo wani: ni da kai, gero da wake.
Ran da ɗan sanda ya tare ni a tasha ya ce kuda,
na kai hannu ina korar ƙuda a cikin ƙanƙara,
ashe ina za ka yake tambaya.
Da na ba Inna labari
ta yi dariya har ta saki muciya.

Suna ɗaya, wutsiya shida.
Ko sunana bai tsira ba:
in ni na bayar, Lawali nake,
abokina Anton kuwa, in aka ba shi, ya zama Antonu,
in aka tafi da shi, Antonom.
Malama Zinaida takan buga tebur da zobe:
sake! sake!
Har a mafarki ina jin zoben nan.

Bayan la'asar nakan hau kabu-kabu
zuwa wata rumfa bayan babbar kasuwa,
inda tsoho Labo ke gyaran injin ban ruwa.
Shi ma bursu ya kai shi, tun ba a haife ni ba.
Shekara talatin da huɗu
bai sami wanda zai ce wa kak dela ba.
Ya ce kak ɗin nan ai ƙaƙa ce tamu,
sanyi ne ya gutsure ta.
Yana gyara mini aikatau da baƙin mai a yatsu,
na tafiya a ƙasa daban, na tafiya a mota daban,
ni kuma ina mayar masa da kalmomin da suka zube masa.
Jiya hadari ya taso daga wajen Gulbi,
ya ajiye sufana, ya daɗe yana motsa leɓe,
sai ya ce: dozhd.
Ruwan ya sauko kan kwano, ba mu ƙara cewa komai ba.

A ƙarshen kalmar nan akwai wani ɗan harafi.
Ba a furta shi. Ba shi da sautin kansa.
Aikinsa ya tsaya bayan wani ya tausasa shi.
Shi ne nake mantawa kullum,
shi ya cinye mini maki bakwai.

Daren jiya ina bita da fitilar salula
na ga kalmar uwa ma da shi take ƙarewa.
Na ɗaga kai, na dubi turke.
Jajayen awakin Inna huɗu na bari.
Ɗaya ce ke tuƙa a duhu.
Na tuna rigar sanyi mai kaurin nan
da kuɗinta suka iso mini a watan sha ɗaya,
ba wasiƙa, ba bayani.

Na koma kan takarda,
na bi layi-layi ina saka shi inda na bari.