Ɗari da Arba'in da Bakwai

Makarantarmu ba ta da ƙararrawa,
ba katanga, ba filin taro, ba maigadi.
Ɗaki guda ne a saman shago a Taminus,
da kwamfuta biyu, ɗaya ma tari take.
Ni ce mai rajista. Ƙirga ce sana'ata.

Bana ɗari da arba'in da bakwai.
Ma'aikatar ilimi ta aiko takarda:
a zuba mana su gida-gida,
maza nawa, mata nawa,
shekara nawa, wace ƙaramar hukuma.

To, na zuba.
Mata tamanin da uku, maza sittin da huɗu.
Autansu sha ɗaya.
Babbansu Baba Davou na Bukuru, sittin da biyu,
ya haƙi kuza har ramin ya zama tafki,
yanzu da yatsa ɗaya yake haƙar baƙaƙe.
Sau uku kwamfuta na ce mini
shekarunsa kuskure ne.

Haruffa ba su san unguwa ba.
Ga Kachollom ta Kabong,
ƙarƙashinta Kamilu na Unguwar Rogo,
tsakaninsu layi siriri kamar zaren ɗinki.
A gari kuwa, mai keke kan taka birki a bakin gada
ya ce, iyakata ke nan.
Jiya shi ya warware mata lissafi,
ita ta ce rubutunsa kamar tsakuwar kaza.

Zinatu daga Farin Gada take shiga aji,
tsakanin kwandon tumatir da buhun kabeji.
Da ihun 'yan dako nake gane ta.
Nanbol, Talata da Juma'a,
daga gadon wankin ƙoda, hannu ɗaya a sake.
Waya casa'in ke goye da su duka:
wata ta yaya ce, sai ya dawo daga aiki,
wata ta maƙwabciya, in ta ga dama.
Takardar ba ta bar gurbin wannan ba.

Sha ɗaya sun yi shiru tun farkon damina.
Doka ta ce a goge.
Na kira.
Wannan data ta ƙare, wancan sun koma Mangu,
wata ta samu ɗinki, ta ce sai an ga hali.
Lambar Mudi kullum a kashe.

In na goge, saura ɗari da talatin da shida,
lissafi ya fito tas, kowa ya huta.
Yatsana na bisa maɓalli,
shayina ya huce, hazo ya sauko kan duwatsun Shere.
Baba Davou ya taɓa ce mini:
ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Na bar adadin yadda yake, na aika.

Ƙarfe tara saura, ina neman makulli a jaka,
sai wani ɗigo kore, bai kai ƙwayar acca ba,
ya kama a gefen sunan Mudi.
Ya yi minti huɗu.
Na zauna, na rubuta: ya zo.