Kwano Bai Huce Ba

Ƙarfe biyun dare a Agege,
kwanon rufi bai huce ba.
An ɗauke wuta tun magariba,
fanka ta yi tsit kamar ta ji saƙon mutuwa.
Na tsoma zanin uwarta a bokiti
na lulluɓe Tabawa.
Ƙuraje sun feso mata a wuya
kamar an watsa gero.

Ni ɗan Illela ne, na san rana.
Amma tamu in ta faɗi, ta faɗi.
Ta Ikko cikin bango take kwana,
ga gumi, ga iska ta ƙi shanye shi.

Da hannuna na sare mangwaron bakin layi,
aka ba ni dubu huɗu.
Yau bene hawa biyar ne a wurin,
iyakwandishan ɗinsu na huro mana wuta ta taga.

Jiya ma tirela ta sauke wasu,
kowa da ƙunshinsa, kowa na cigiyar ɗaki.
Gobe zan ɗauki bulo a Lekki
inda bara kwaɗi ke kuka.

Rediyo ya ce somin taɓi ne.
Na ƙirga da yatsu:
ran da Tabawa za ta kai shekaruna,
nawa jarkar ruwa za ta kai?
Wace inuwa za ta rage mata?

Iya Risika ta leƙo, ta miƙo mafici,
ba ta ce komai ba.

Zanin ya yi ɗumi.
Na sake tsoma shi.