Saƙon Ɗan Haya Zuwa Ga Magina

Ku da kuka gina manhajar nan, ina gaisuwa.
Ban san garinku ba. Ni daga Zariya nake,
hawa na biyu, ofishin tsare-tsare,
inda taga ke kallon gadar Kwangila,
fanka na juyi kamar an yi mata dole.

Aikina in zana kamfaninmu a kan allo:
wane sashe ke kai wa wane labari,
ina kuɗin iri ke shiga, ina takardar taki ke kwana,
wace na'ura ke riƙe da sunayen manoma dubu tara.
Akwati, kibiya, akwati.
Shekara uku ke nan ina zaune a gininku,
mai kwana a ɗaki kuwa shi ya san inda yake yoyo.

Kakana Ɗantani magini ne, can wajen Ƙofar Kuyambana.
Kafin ya aza tubali ɗaya
sai ya zauna a gindin durumi, ya ga
ta ina ƙafa ke bi zuwa rijiya.
Nan yake huda ƙofa.
Ku kun huda taku inda ta yi wa zane kyau.
Kafin in raɗa wa sashe guda suna
sai na ratsa zaure bakwai,
kowanne na tambayata abin da na faɗa wa na farko.

Ran Laraba, uku saura kwata, aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari biyu kafin ya tashi,
a tsakanin tarin nan aikin yini ya bi ruwa.
Ku koya mata ajiya ba sai an roƙe ta ba,
yadda Iya ke ƙulle canji a bakin zane
tun ba ta bar gaban mai kayan miya ba.

Sai kibiyoyinku.
In na matsar da akwatin sito taku ɗaya
duk su harɗe, kamar kaza ta faɗa zaren masaƙa.
In na yi kuskure, sai jan rubutu da lamba huɗu a jere.
Lamba ba ta nuna wa mutum inda ya taka.
Ku ce: ka manta sunan mai sashen. Shi ke nan fa.

Da Manaja ta ce a bugo mata taswirar,
shafi goma sha shida ta fito.
Muka manna su da salatif a ƙasa,
Lantana ta cire takalmi
tana bin kibiya guda da rarrafe
daga sashen kuɗi har ƙarƙashin tebur,
can ta tarar kanta ya ɓace a gaɓar takarda.

Na ƙarshe ya fi mini nauyi.
Kun ba ni alamar na'ura, ta ma'ajiya, ta umarni,
ba ku ba ni ta Baba Talle ba,
masinja, mai keke da jaka ruwan toka,
wanda ya san mai sito ba ya sa hannu sai bayan azahar,
ya san akanta da direbobi ba sa ga maciji.
Ya kwanta jinya mako biyu a Shika.
Taswira na nan kore shar, wai komai lafiya,
motocin iri kuwa na jere a ƙofa,
damina tana wucewa ta kansu.

Na buɗe gurbin da kuka ware wa shawara,
ya ce haruffa ɗari biyu, kada a ƙara.
Gaisuwa kaɗai ta cinye su.
Don haka na rubuta da biro, na ninke uku.
Baba Talle ya dawo aiki jiya.
Na ce masa ban san garinku ba,
ya karɓa, ya sa a jaka,
ya ce in bar masa.