Ranar da Shamuwa Ta Ƙetare Santanbul

Shekara talatin da ɗaya ina kan ruwan nan,
tire a hannu, kofunan shayi masu siririn ƙugu,
daga Kadikoy zuwa Eminonu, in sake juyowa,
rabin gari a gabas, rabi a yamma,
ni a tsakani, kamar zare a bayan allura.

Sunana Rasim. Da can an san sunan.
A ce, Rasim, ƙaro sukari,
Rasim, gwiwar fa, da sauƙi?
Yau sai a ɗaga yatsa ɗaya, ido na ƙasa,
a miƙa wa iska kuɗi,
in ban tara hannu ba, su zube.

Dubi benci na uku.
Mai jar riga na dariya shi kaɗai,
abu a kunne, haƙora a waje.
Miji da mata, kafaɗa da kafaɗa,
kowa na lallashin gilashinsa da babban yatsa
yadda ake shafa kan jariri.
Ɗalibi ya ɗauki hoton shayina,
har ya huce bai kurɓa ba.
Wuya duk ya ranƙwafa
sai ka ce alkama ta nuna a gona,
amma na leƙa zangarniyar, ba tsaba.

Ranar Talata, ƙarshen Agusta,
muna daidai tsakiyar mashigi,
inuwa ta gifta kan tirena.
Na ɗaga kai.
Shamuwa!
Ba goma ba, ba ɗari ba,
sama ta cika, fari da baƙi,
suna kewaya kamar ganyen shayi a bayan cokali,
fiffike a miƙe, iska ce ke aikin,
sun sa gaba kudu, ko kuka babu.

Na ce, Jama'a, ku dubi sama!
Muryata ta faɗa ruwa.
Wani ya zare abin kunne guda, ya ce, Nawa?
Ya zaci kuɗin shayi nake bin sa.

Sai wata yarinya, ba ta wuce biyar ba,
guntun burodi mai riɗi a hannunta,
ta bi yatsana da ido.
Baki ya buɗe, burodi ya faɗi.
Ta ja hannun rigar uwarta:
Mama, Mama, tsuntsaye!
Uwar ta ce, Bari, Nehir, ina zuwa,
daga wurin aiki ne.
Ban ga laifinta ba.
Na san kuɗin haya, na san ƙarshen wata.
Sai dai tsuntsu bai san ina zuwa ba.

Muka jingina da ƙarfen jirgi,
tsoho mai ciwon gwiwa da 'yar mutane,
muna ƙirga.
Ta kai sha huɗu, ƙirgarta ta ƙare,
ta koma ɗaya, ba ta damu ba.
Shayi bakwai ya huce a tire.
Ban yi asara ba.

Kafin mu taɓa gaɓa sama ta washe.
Jama'a suka zuba kan tudu, kai a ƙasa,
wani ya yi karo da turke,
ya ba turken haƙuri, ya wuce.

Da dare ɗana Ilkay ya miƙo wayarsa:
Baba, ka ga abin da ya bi ta kan garin nan yau?
Duk duniya shi ake kallo.
Na sa tabarau.
Ga su nan, ɗigo-ɗigo,
kamar ƙura a jikin taga,
sama guda an cusa ta a tafin hannu.
Na ce, Na gani.
Ya ce, A ina, kai da wayarka ko hoto ba ta yi?
Na kama hannunsa, na ɗora a ƙeyata,
inda ta ƙage tun hantsi.

Gobe jirgin ƙarfe bakwai.
Zan ajiye burodi guda a gefen tire,
ko Nehir za ta shigo.
Mun tsaya a sha huɗu.