Shaidu Biyu

Kafin ladanin Dakace ya yi kiran farko
na shimfiɗa kayan a kan buhun taki:
tukunyar iska, baƙar riga mai warin roba,
da tiyo huɗu, sun kwanta kamar macizan da sanyi ya kama.
Ɗaya na bakina ne.
Ɗaya na bakin wanda ban sani ba tukuna,
ranar da iskarsa za ta ƙare kusa da ni.
Ɗaya na hura riga.
Na huɗun siriri, shi ne ɗan tsegumi,
shi ke kai wa ma'auni labarin cikin tukunya.

Samarin da kamfani ya turo bara
sun ba ni agogon hannu mai jin tukunya ba tare da tiyo ba,
lamba kore, lamba ja, har da kuka in ka yi nisa.
Suka ga tsohon ma'auni rataye a ƙuguna,
suka ce, Oga Sallau, wannan gadon kaka ne?
Na ce na Jatau ne.

Jatau bai iya rubuta sunansa ba,
da ƙusa ya yi zane uku a bayan ƙarfen.
Ya ce alƙali ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya,
ruwa ma kotu ne, ka shiga da shaidu biyu.
Kar tiyo ya yi tsawo ya riƙa kiwon ciyawa,
kar ya gajarce ka karya wuya wajen leƙe.
Maƙala shi hagu, inda hannu zai same shi
ko ido ya tafi hutu.
In za ka buɗe iska, kifa fuskar gilashin ƙasa.
Shafa kumfar sabulu a kowace gaɓa,
wadda ta yi ƙwai tana da magana a bakinta.

Agusta. Galma ta cika ta yi jawur,
bakin bututun da ke shayar da gari ya toshe.
Kwana huɗu famfon Tudun Wada yana tari,
'yan garuwa sun ninka kuɗin jarka.
Barau ya riƙe igiya, na sauka.

A can ƙasa ba gabas ba yamma.
Da hannu ake gani:
ganyen rake, leda, leda, leda,
gidan sauro guda,
takalmin yaro ƙafa ɗaya.
Ina ja, ina tarawa, ina jin numfashina kamar na wani.
Da na kai agogon gaban ido
sai na tarar ɗan aike ya yi barci a hanya.
Baƙi ƙirin. Ko ɗigo.

Zuciya ta ce tashi yanzu.
Hannun hagu bai saurare ta ba,
ya bi ƙugu, ya bi tiyo, ya taɓa zane uku.
Na manna gilashin da fitila.
Allura na tsaye a kan hamsin,
ƙafa ɗaya a cikin ja,
ba ta rawa, ba ta rarrashi.
Ya isa hawa. Bai isa taurin kai ba.

Na bar sauran ledar wa gobe.
Na hau a bayan kumfana, ban wuce ko ƙaramin ba,
na tsaya gaba uku ƙasa da haske
ina ƙirga tasbihi a gaɓoɓin yatsu.

Barau ya ce, lafiya?
Na ce batir ne.

Da magariba Kande tana ɗauraye min ma'aunin a roba,
sai ihu ya tashi daga bayan layi: an kawo ruwa!
Bokitai suka fita da gudu, har da nata.
Ni na zauna ina juya ƙarfen a tafin hannu.
Zoben robar bakinsa ya fara tsagewa.
Gobe sai Sabon Gari, shagon Ɗan'azumi,
in ma ya buɗe da wuri.